Wa Yake Sayen 'Ya'yan Kifi?

Sabon Kwarin Gawo,
Bakin Tiga, Bebeji.
3 ga Yuni.

Yayana Abdulbasit,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwar ƙanwar da ta yi kewar yayanta, da fatan kana lafiya, kai da Anti Barakatu da yara. Yaya Riruwai, yaya ɗalibanka, yaya damina a wajenku? Mu nan ruwa ya sauka sau biyu, kowa lafiya lau, sai ƙafar Inna da take taɓa ta in an yi sanyi.

Na san za ka yi dariya ka ce 'yar jami'a ta koma rubuta wasiƙa irin ta mutanen da. To yaya zan yi? In na kira ka sai ka hau dutse kafin ka ji ni, mu kuma nan a tsakar gida ake amsa waya, har kaji suna saurare. Shi ya sa na ba Surajo direba wannan, tunda motarsa tana bi ta wajenku, Doguwa, duk Talata.

Yaya, na dawo hutu na tarar Baba ya rame, kuma ba ciwo ba ne. Ruwa ne yake damunsa. Ka tuna muna yara yakan dawo da giwan ruwa da sai mutum biyu sun kama masa? Yanzu sai ya wuni a kwalekwale ya dawo da karfasa biyar a gindin kwando. Samari da magidanta sun koma shiga bakin ruwa da gidan sauro, wanda aka raba don a rataya a ɗaki, suna ja suna kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba. Baba a matsayinsa na Sarkin Ruwa ya hana, ya yi nasiha, ya yi faɗa, ba wanda ya ji. Makon jiya ya kama Sagiru, ya ƙwace nasa ya ƙone a gaban jama'a. Sagiru mai 'ya'ya shida ya tsaya yana kallon wutar. Washegari mutum uku suka shiga ta wani lungun.

Yanzu ga inda bakina ya ja mini. Shekaranjiya bayan la'asar na kai wa dattawa ruwa a zaure, na ji Baba yana cewa mutane sun daina tsoron Allah. Maimakon in ajiye kofi in fita kamar 'yar mutunci, sai na durƙusa na nemi izinin magana. Na ce ko gidan sauro ɗari aka ƙone ba za a daina ba, domin ba mai cin kifin nan a garinmu, kuma ba mai shiga ruwan sanyi ya kwaso abin da ba shi da mai saye. A nemo mai sayen kawai. Dattawa suka yi dariya, Baba bai yi ba. Ya ce tunda karatuna ya kai haka, in nemo masa shi kafin Juma'ar farko ta watan gobe. Ya rantse in ɗan garin nan ne, ko wane ne shi, zai faɗi sunansa a ƙofar masallaci. In kuma ba a samo shi ba, ranar zai mayar wa dagaci sarautar, wadda take gidanmu tun tsohon garin da ruwan Tiga ya cinye.

Ban ji tsoro ba, in gaya maka gaskiya daɗi ma na ji. Kai ne ka so in karanci jinya, ka ce tattalin arziki karatun masu tsaron dukiyar wasu ne, in ba banki ba sai zaman gida. Shekara huɗu ina ajiye da maganar nan. A aji an koya mana cewa abin da yake na kowa da kowa shi ya fi saurin ƙarewa, don kowa yana ganin in ya bari wani ne zai ɗauka. Da na karanta a littafi sai na ga kamar marubucin ya taɓa zama a bakin Tiga. Zan mayar da wannan binciken kammala digirina, kuma zan nuna maka karatun nawa yana da amfani ko a bakin ruwa.

Ka gaida Anti Barakatu, ka ce mata ban manta da alkawarin daddawa ba.

Ƙanwarka,
Ramla.

17 ga Yuni.

Yaya Abdulbasit,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, kuma zazzaɓin autarka ya sauka. Allah ya ƙara sauƙi.

Surajo ya kawo mini amsarka, na karanta sau biyu, raina ya ɓaci duka biyun. Ka ce in bar maganar kifi, in nemi wani abin in yi bincike a kansa, masara ko tumatir. Ba ka ba ni dalili ko ɗaya ba. Kai da kake cewa karatuna ba ya tsinana komai, yau da ya fara motsi kuma ka ce in zauna? Ban bari ba, ga ma inda na kai.

Na fara da gidan Sagiru. Na shiga da zuciyar ganin mai laifi, na fito da tausayinsa. Matarsa ta nuna mini kallinsa, ragar manyan kifi, rataye a bango duk ƙura. Ta ce sai ya kafa shi kwana uku bai kama na miya ba. Shi kansa ya san 'ya'yan kifin nan su ne manyan baɗi, ba sai an gaya masa ba. Amma in ya bar su yau, gobe maƙwabcinsa ne zai kwashe, shi ya tashi ba kifin baɗi ba tuwon yau. Malaminmu yakan ce in ka ga mai hankali yana aikin da zai cuce shi, kada ka tsaya zaginsa, ka duba me ya rage masa na zaɓi. Ranar na gane Baba da yunwa yake faɗa, ya ɗauka da taurin kai yake yi.

Daga nan na bi kifin. Ana shanya shi a kan duwatsu, a zuba a buhu, a shigar gidan Baturiya dillaliya, aminiyar Inna. Daga gidanta ɗan achaɓa yake kai shi Kwanar Ɗangora, mota ta wuce da shi Kiru. Ranar Litinin na bi motar. A Kiru na sami wani Jamilu mai injin haɗa abincin kaji, mutum mai fara'a, ya ba ni kujera har da ruwan leda. Ya ce shi ba kifin ne ya dame shi ba, abin da zai sa kaji su yi ƙwai yake nema. Gasasshen waken soya ma zai yi masa, to amma ba mai tsince shi ya gasa ya kawo masa a shirye. Kifi kuwa a shirye yake zuwa daga wata baiwar Allah ta bakin Tiga da bai taɓa gani ba, shekara huɗu ke nan ba ta taɓa saɓa masa ba.

Ka ga an rage hanya. Mace ce, kuma a garinmu take. Ba Baturiya ba ce, domin kowa ya san ba ta da jarin da za ta tara buhu goma, akwai wadda take bayanta. Na dawo ina ta murna a mota kamar wadda ta ci jarrabawa.

Abu ɗaya ne yake damuna. Inna ta canza mini. Ta ce yawon ya isa, 'ya mace ba ta bin buhun kifi kasuwa-kasuwa, mutane za su yi da ni. Inna da ta tsaya tsayin daka sai na tafi jami'a lokacin da dangi suke cewa sakandare ta isa, yau ita ke faɗin haka. Ina jin tsufa ne ya fara kama ta, ko kuma ciwon ƙafar ne.

Ka yi mini addu'a maimakon faɗa.

Taka,
Ramla.

27 ga Yuni.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ka yi haƙuri gaisuwar ta yi gajarta.

Ka sani. Tun farko ka sani, shi ya sa ka ce in koma kan masara.

Jiya da hantsi na shiga gidan Baturiya ba ta tsammace ni ba. A bayan ɗakinta an baza kifi a tabarma, an lulluɓe da gidan sauro saboda ƙuda. Ina ganinsa na gane shi. Na Inna ne, shuɗin nan, wanda na yi wa faci da ƙyallen tsohon hijabina ina aji uku na sakandare. Ta taɓa ce mini ɓeraye sun cinye shi ta yar. Bakin buhunan kuma an ɗaure su da yagin atamfarta mai zanen buta. Ban tambayi Baturiya komai ba. Ta dube ni, ta zauna a kan turmi ta fara kuka.

Yaya, kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Duk ƙarshen hutu Inna takan kira ni ɗaki ta kwance bakin zane ta ba ni abin komawa makaranta, ta ce na ƙuli-ƙuli ne da 'yan awaki. Ni mai karatun tattalin arziki, mai yi wa dattawa bayani a zaure, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina awaki nawa ne a gidanmu ba. Uku ne, kuma shekara huɗu ba su ragu ba. Na iya bin buhu har Kiru, amma ban iya duba abin da ake sa mini a tafin hannu ba.

Na sami Inna tana tankaɗe, na durƙusa na gaya mata abin da na gani. Ba ta yi musu ba, ba ta ma ajiye rariyar ba. Ta ce shekarar da na samu gurbin karatu kamun Baba ya riga ya faɗi, albashinka kuma ko gidanka ba ya riƙewa, ita kuwa ta yi wa kanta alkawarin ba za a koro mata 'ya gida ba. Ta ce ba ta taɓa sa kowa ya shiga ruwa ba, ta tarar ana kamawa ana zubar da rabi. Sannan ta ce in ba ta saya ba wata ce za ta saya. Maganar gidan Sagiru ke nan, ba ƙari ba ragi, daga bakin mahaifiyata. Na san ba ƙarya ta yi ba, kuma na san daga ranar da aka samu mai saye kullum, masu shiga ruwan suka ninka.

Saura kwana kaɗan Juma'ar. In na yi shiru na ce ban samo kowa ba, Baba zai ajiye sarautar kakanninsa, ya tafi kabari yana ganin mutanen garinsa ne suka ci amanarsa, ruwan kuma ya ƙarasa mutuwa. In na faɗa, ka san Baba da rantsuwa. Zai tsaya a ƙofar masallaci ya kira sunan matar da suka yi shekara talatin da biyar tare ba a taɓa jin kansu ba. A makaranta an koya mana kowane zaɓi yana da abin da ake rasawa saboda shi, kuma wanda bai ga abin da zai rasa ba bai yi zaɓi ba tukuna. Na sha rubuta wannan a jarrabawa ina samun maki. Ban san haka yake da ciwo ba.

Ba na jin haushinka sosai. Kaɗan dai ina ji.

Ramla.

Kano.
21 ga Yuli.

Yayana Abdulbasit,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa gare ka da Anti Barakatu da yara, da fatan damina tana yi muku albarka. Na koma makaranta lafiya. Wasiƙarka ta same ni kafin in taso, na gode da ba ka kare kanka ba, na kuma yafe kaɗan ɗin da ya rage. Ka ce labari ya zo maka gutsi-gutsi a bakin fasinjoji, to ga shi daga bakina.

Ranar Alhamis da safe na sami Baba a gindin darbejiya yana gyaran kallinsa. Kafin nan na gaya wa Inna zan faɗa, ba ta ce in yi ba, ba ta ce in bari ba. Na zauna na ba shi labarin tun daga bakin ruwa: gidan Sagiru, duwatsun shanya, Baturiya, Kwanar Ɗangora, injin Jamilu. Na ce masa kifin ba a cikin kaji yake ƙarewa ba, yana juyowa ya dawo garinmu, ya shiga gidanmu, ya bi ta bakin zanen Inna, ya ƙare a hannuna. Na ce in sunan wanda ya ci kifin yake nema, sunana ne, don duk littafin da na karanta da shi aka saya. Allurar ta tsaya a hannunsa. Tambaya ɗaya ya yi mini, ko akwai ranar da Inna ta nemi abin karatuna a wajensa ya hana. Na ce babu, ba ta nema ba ne don ta san babu. Ya ci gaba da gyaran kallinsa har aka kira azahar.

Da yamma shi ya aiko a kira ni. Ya ce tunda na iya gano ciwo, in faɗi magani. Na gaya masa abin da na yi kwanaki ina juyawa. Ba za a iya tsare Tiga duka ba, amma za a iya rufe lungu ɗaya, na wajen gawo inda kifi yake zuba ƙwai, har ƙarshen damina. Masu shiga da gidan sauro su za a ba tsaronsa bi da bi, ranar buɗewa kuma su za su fara jefa raga, don mutum ya fi tsare abin da ya san zai ci. Jamilu kuma a kai masa gasasshen waken soya daga Tudun Wada, mata su tsince su gasa, mazan da suka bar ruwa su yi dakonsa. Ina gamawa Baba ya yi wani ɗan murmushi. Ya ce a tsohon gari haka ake yi, akwai gurbin da ba mai taɓawa sai ranar da kakanmu ya buɗe, da ruwa ya tashe su aka zo sabon wuri sai aka ga ruwan ya yi yawan da ba zai ƙare ba, aka watsar. Ni da na zo da sabon ilimi daga Kano, ashe kayan gidanmu na dawo da shi.

Ranar Juma'a ladan ya manta bai kashe lasifika ba, don haka duk matan gari muka ji daga cikin gida. Inna tana zaune a ƙofar ɗaki da carbi. Bayan an idar da salla Baba ya miƙe ya ce ya yi rantsuwa kuma zai cika. Ya ce an samo mai sayen 'ya'yan kifi, gidan Atiku Sarkin Ruwa ne, shi ne maigidan, ya ci ya sha a ciki, ya yi alfahari da karatun 'yarsa bai taɓa tambayar daga ina ba, sannan ya fita ya ƙone kayan wani. Bai kira sunan Inna ba. Ya ce ga sarauta nan ya ajiye a gaban dagaci. Sai muka ji muryar Sagiru, shi da aka ƙona wa kaya, yana cewa su ba su karɓi wannan ajiyewar ba, yau ne ma suka samu Sarkin Ruwan da ya san abin da yake tura mutum cikin ruwa. Carbin Inna ya faɗi ƙasa, ba ta ɗauka ba.

Kada ka ɗauka komai ya gyaru. An rufe lungun gawo, Baba ya kai wa Sagiru kallinsa sabo da hannunsa. Amma mutum huɗu sun ƙi shiga tsarin, mutanen ƙetaren ruwa kuma suna nan suna jan gidan sauronsu. Buhun waken farko da aka kai, Jamilu ya ce ya ƙone, sai a na biyu ya karɓa, kuma abin da ake samu bai kai na kifi ba. Ko kifi zai dawo, sai baɗi ko baɗin waccan za a sani.

Ka tambaye ni, wannan karon ba da tsokana ba, me karatun nan ya ba ni. Da can da na lissafa maka banki da ma'aikatu da ƙungiyoyi, kuma duk suna nan, ina fatan samun ɗaya. Amma abin da na riƙe yanzu shi ne ya hana ni tsayawa a kan wanda aka kama da raga a hannu. Ya koya mini in bi abu tun daga inda ya fito har inda ya ƙare, ko da a kaina zai ƙare. Da jinya na karanta da na iya yi wa Inna maganin ƙafarta, wannan kam ka fi ni gaskiya. Amma da har yau Baba yana ƙone gidajen sauro, ni kuma ina cin kuɗinsu.

Inna ce ta rage mini. Tun ranar Juma'ar ba ta yi mini magana ba sai amsa gaisuwa. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ranar da zan taho ta kira ni ɗaki kamar kullum, ta kama bakin zanenta, sai ta sake shi. Ta ce wannan karon babu. Na ce na sani, na riga na samu yaran da zan riƙa yi wa darasi da yamma. Ta ce Allah ya tsare, ta juya tana gyara shimfiɗar da take a gyare. Na yi kuka tun daga gida har Kwanar Ɗangora.

Da na iso ɗakin kwananmu na buɗe jaka, a ƙarƙashin kayana na tarar da gidan sauron nan shuɗi. Ta wanke shi, ta ɗinke duk inda ya yage da zare baƙi, facina na hijabi yana nan. Ta san sauron makarantarmu, kullum ina yi mata ƙorafinsa. Na rataya shi a gadona. Har yanzu yana ƙarnin kifi, 'yan ɗakinmu sun dame ni in sake wanke shi ko in sayi sabo. Na ce musu su yi haƙuri, saura wata huɗu in gama, kuma a cikinsa zan gama.

In ka je gida da hutu, ka zauna da Inna ka ci tuwonta da yawa, ka ce mata ya yi daɗi. Ka gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Ramla Atiku.